Rubutu Mai Kumatu

Jiya ina zaune a bakin shagon nan naku na ji ɗayanku yana gaya wa wani mai kemis cewa rubutun nan mai zagayayyen baki da ke cikin kwamfuta na 'yan firamare ne, wai ba shi da wata wahala, ko yaro aka ba burushi zai yi shi. Na yi shiru saboda akwai mai ciniki a tsaye, ban so in kunyata ku a gabansa ba. Yau kuwa an ɗauke wuta, injin buga banarku ya yi tsit, ku ma kun yi tagumi kamar an ƙwace muku waya. To ku jawo bencin nan ku zauna. Abin da kuke danna wa maɓalli ɗaya ya fito, ni a kansa gashina ya yi fari.

Sunana na yanka Isiyaku, amma daga nan Kiru har Doguwa in ka tambayi Isiyaku sai an yi ta kallon-kallo. Mai Fenti kowa ke ce min, har uwar 'ya'yana. Sunan nawa wuri ɗaya yake zama, can ƙasan allo a kusurwar dama, da 'yan ƙananan baƙaƙe: "Isiyaku, Kiru". Duk allon da ya fita daga hannuna sai na sa shi, kuma shi ne abu na ƙarshe, sai an kafa allon a inda zai zauna sannan in durƙusa in rubuta. Haka maigidana ya koya min. Ya ce ba don talla ba ne, don in fenti ya ɓare a san wanda za a zaga. Ba mai karanta shi. Mutum zai karanta sunan shago, ya karanta abin da ake sayarwa, ya wuce abinsa.

Maigidan nawa Malam Ado ne, a Tudun Wada, Allah ya jiƙansa. Mahaifina ya kai ni wurinsa da na gama firamare, saboda na dame shi da zane da gawayi a bangon zaure. Na zaci a ranar za a miƙo min burushi. An miƙo min kuwa, amma don in wanke. Na daɗe ina wanke burushi da kananzir, ina kankare tsatsar langa-langa, ina dama fenti har kafaɗa ta ƙage. Da ya ga ban gudu ba, sai ya ba ni alli da wani tsohon murfin duro ya ce in yi masa O. Ba A ba, ba B ba, O kawai. In yi, ya zo ya leƙa ya ce, "Wannan ƙwai ne," ya shafe da tafin hannu. In sake, ya ce, "Wannan gauta ne." Wata rana ya ce min tumatir ne da mota ta taka. Damina ta shigo ta fita ina kan O.

A wurin Malam Ado rubutun boko iri uku ne, kowanne ya raɗa masa suna. Akwai mai takalmi, wanda kowane harafi yake da 'yar ƙafa a ƙasa da 'yar hula a sama, irin na jarida da takardun kotu. Akwai soja, miƙaƙƙe, mai kaifin kusurwa, ba ƙafa ba hula. Sai kuma mai kumatu. Shi ma ba shi da takalmi, amma duk inda layi ya ƙare sai ya dunƙule kamar kan yatsa, duk inda layi biyu suka haɗu sai su lanƙwasa a hankali, babu tsini ko ɗaya a jikinsa. Shi ne kuka ce na yara.

To bari in gaya muku, a cikin ukun nan soja ne mai sauƙi. Rula ce ke yin rabin aikin, in hannunka ya yi rawa ka gyara a kusurwa. Mai takalmi ma yana da inda zai ɓoye maka kuskure, ado ya yi masa yawa, ido ba ya tsayawa wuri ɗaya. Mai kumatu ba ya rufa wa kowa asiri. Kaurin layinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, in numfashinka ya sarƙe a tsakiyar S, mai wucewa a kan acaɓa ma zai gani. Ga shi ido maƙaryaci ne. In ka ja zare biyu ka sa O ta tsaya daidai tsakaninsu kamar H, sai ta fito ƙarama, dole ka bar ta ta ɗan leƙa sama ta ɗan leƙa ƙasa kafin ta yi tsayin 'yan uwanta. Layin da ke kwance sai ka rage masa kauri kaɗan, in ba haka ba ya fi na tsaye nauyi. Cikin harafi, wato farin da ke tsakiyar su a da e da o, sai ka buɗe shi sosai, don shi ido ke fara kamawa daga nesa. Su ɓ da ɗ da ƙ kuwa, ƙugiyarsu a jikin mai kumatu ta fi zama, kamar dama don su aka yi shi. Duk wannan, wanda ya zana muku na cikin kwamfuta ya san shi. Ko a wace ƙasa yake, ya sha wahalar da na sha. Ku ne dai kuka same shi a dafe.

Burushinsa ma daban ne. Na kanti bakinsa a yanke yake, shi ya sa yake haifar da kusurwa. Malam Ado asuwaki yake samowa, ɗanye, mai kaurin babban yatsa, a tauna bakinsa har ya yi laushi, sannan ya zagaye shi da reza. In ka tsoma shi a fenti ka ɗora a kan allo, tun kafin ka ja ya riga ya ajiye maka zagayayyen ɗigo, inda ka ɗaga ma haka. Taunar kuwa aikina ce. Har yau in na ji warin kananzir sai in ji ɗacin itacen a bakina.

Allon farko da ya bar ni na yi ni kaɗai na wani mai kemis ne a Bebeji, kusa da tasha. Shi mai kemis ɗin, rubutun soja yake so, ja wur, don a hango daga titi. Malam Ado ya ce masa, "Alhaji, wanda zai zo wurinka ba shi da lafiya, ko ɗansa ne ba lafiya. Kada allonka ya daka masa tsawa." Aka yi mai kumatu, kore a kan fari. A nan na gane rubutu murya gare shi. Soja umarni yake bayarwa, mai takalmi jawabi yake yi, mai kumatu kuwa sannu da zuwa yake cewa. Shi ya sa na yi ta yin sa ga masu shayi, da ɗakin awon ciki, da makarantun yara, da masu ɗinkin mata. Masunta a Bagauda ma shi nake sa musu a jikin kwale-kwale, amma su dalilinsu daban. Fenti daga tsini yake fara ɓarewa, ruwa ya samu kusurwa ya shige ƙarƙashi. Harafin da ba shi da tsini sai ya ga damina da yawa bai yi komai ba.

Ba ko'ina yake shiga ba kuma. Wani mai gida a bayan kasuwa ya ga na kemis ɗin ya burge shi, ya kafe sai da shi zan rubuta masa "An hana fitsari a nan" a katangarsa. Na ba shi shawara ya ƙi, na yi masa abin da yake so, kyakkyawa kuwa. Ba a jima ba ya zo yana huci, ya ce abin ƙaruwa ma ya yi, har da masu yin sallama kafin su tsuguna. Na koma na yi masa da soja, baƙi ƙirin. Allon "A rage gudu" da direbobi suka sa na yi musu a hanyar Falgore ma ban yi wasa da shi ba, soja na sa. Wanda ke gangarowa da tirela cike da masara ba lallashi yake buƙata ba.

Shekarar da ta ba ni kashi ita ce shekarar da bana, irin wadda injinku ke bugawa, ta shigo. A da lokacin zaɓe shi ne kakarmu, katanga ba ta ƙarewa, har aiki nake mayarwa. Wannan karon sai ga motoci daga Kano da bana a nannaɗe, ɗan takara yana murmushi a kai, haƙoransa ma ana ƙirgawa. Masu shago suka gani, su ma suka bi. Ban ga laifinsu ba, abin yana da kyau, yana da sauri. Na zauna a rumfata ina kallon titi har gwangwanayen fenti suka yi fata a sama. Daga baya na rufe na koma fadama, muka yi noman albasa da ƙanina. Burushin kanti da na bari a kwali duk ɓeraye suka cinye gashinsu tas. Rumfar sai ranar kasuwa nake buɗe ta, don dai kada a ce na mutu.

A irin wannan ranar kasuwa ce, da hantsi, wata dattijuwa ta yi sallama a bakin rumfa, da abu a nannaɗe a hammata ƙarƙashin mayafi. Gwaggo Tabawa ake ce mata, daga wani ƙauye a bayan Kiru. Na san ta sanin ido, tana kawo man gyaɗa da ƙuli-ƙuli kasuwa. Muka gaisa, na tambayi mutanen gida, na shimfiɗa mata tabarma. Sai da ta waiga ta tabbatar ba mai jin mu sannan ta yi magana.

"Malam mai fenti, karatu yana guduwa daga kan mutum?"

Na ce, "Wane irin karatu, Gwaggo?"

Sai ta ba ni labari. Tun bayan rasuwar mijinta, wanda ba ta kiransa da komai sai Malam, ta shiga ajin yaƙi da jahilci da wata malama take yi wa matan ƙauyen a zauren mai unguwa. Ita ce babba a ajin, ita ce kuma ta fi kowa naci. Matan suka haɗa kai suka samu injin markaɗen gyaɗa, aka yi masa rumfa, za a buɗe ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Mazan garin kuwa sun fara gunaguni, wai ajin ɓata lokaci ne, mata na barin aiki suna zuwa rera a-ba-ca-da. Mai unguwa ya ce shi ba zai yi musu da kowa ba. Ranar buɗe rumfa Gwaggo ta tsaya gaban jama'a ta karanta abin da aka rubuta a kai. In ta karanta, zaurensa na mata ne. In ta kasa, kowa ya riƙe matarsa a gida.

"Ɗan ƙanina da ke Kano ya aiko mana wannan kyauta, Allah ya yi masa albarka," in ji ta, ta warware bana a kan tabarma. "Na shige ɗaki na buɗe, na duba, na duba. Malam, ko ɗaya ban gane ba. Ban gaya wa kowa ba, ko malamarmu. Ina jin tsufa ne ya kwashe min shi."

Banar ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ruwan zinare a kan shuɗi, baƙaƙen a haɗe da juna, kowanne da jela kamar ta zakara, irin wanda kuke sa wa katin biki. Yaron ya zaɓo wa gwaggonsa mafi ƙawa a cikin abin da ya gani. Amma harafin a na banar da rumfa a ka, g kamar tabarau, manyan baƙaƙen kuwa ni kaina sai da na ƙura ido.

Na share ƙasa da tafin hannu a gaban tabarma, na sa yatsa na rubuta kalma ɗaya. Yatsa a cikin rairayi ba ya yin tsini, ba ya yin takalmi, mai kumatu yake yi ko ka so ko ka ƙi. Alli a hannun malama ma haka yake.

Ta sunkuya, leɓenta ya yi motsi. "Gya... ɗa. Gyaɗa."

Na share na sake rubuta wata.

"Tabawa," ta ce, ta dafe ƙirji. "Ni ce."

Na ce, "Gwaggo, karatunki yana nan inda kika ajiye shi. Baƙaƙen ne suka sa kayan salla, shi ya sa ba ki gane su ba."

Ta yi dariya har da goge ido da bakin mayafi. Ni ma na ji daɗi ƙwarai, rabona da in ji ina da amfani a rumfar nan an daɗe.

Na ce ta rataya banar ɗan ƙaninta a cikin rumfa inda za a yi hoto, kada a ɓata masa rai, ni zan yi na waje. Na samo langa-langa na kankare, na shafa fari na bar shi ya sha rana. Na yaye fatar da ke kan koren fenti, na tace shi da tsumma. Burushi babu, sai na tuna Malam Ado, na je wurin mai asuwaki na zaɓo mai kauri da wani siriri, na zauna ina tauna, 'yan haƙoran da suka rage min suna ƙorafi. Na yi harafin a irin na alli, cikinsa a buɗe, na yi g mai ƙugiya ɗaya, na ba kowace kalma fili ta sha iska: "Rumfar Mata Masu Man Gyaɗa. Sannunku da Zuwa." Da ya bushe na jingina shi a bakin titi na ja da baya har tsallake, kamar yadda nake yi wa kowane allo, na kanne ido don in gan shi yadda mai tsohon ido zai gani.

Ranar Juma'a na ɗaura shi a bayan acaɓa na kai da kaina. Muka kafa shi kafin a tafi masallaci, na durƙusa na sa ɗan sunana a kusurwa, na tafi salla da fenti a farce. Bayan an sauko gari ya taru. Maza a gaba wajen mai unguwa, mata a gefe cikin inuwar darbejiya, malamar tana tsaye tana murza hannu. Gwaggo ta fito da sabon mayafi, ta tsaya gaban allon, ta ɗora yatsa a ƙarƙashin harafin farko. Ta bi shi a hankali, gaɓa-gaɓa, har ta kai "Zuwa". Mata suka fara guɗa.

Sai wani tsoho ya ɗaga sanda. Baba Sale ne, taubashinta, tun suna yara suke tsokanar juna, kuma yana cikin masu cewa ajin wasa ne.

"Ranka ya daɗe, wannan ai hadda ce," ya ce wa mai unguwa. "Wa bai san rumfar mata masu man gyaɗa ba ce? Ni ma da ban taɓa riƙe fensir ba sai in faɗa. In Tabawa ta isa, ta karanta mana wancan ɗan mitsitsin na ƙasa."

Maza suka yi dariya, wasu suka ce gaskiya ne. Mai unguwa ya dubi Gwaggo. Wannan rubutun kuwa ba ta taɓa ganinsa ba, ƙanana ne, kuma ban yi shi don idon tsohuwa ba. Abu ɗaya na riƙe a raina, shi ma da asuwaki na yi shi, da siririn.

Gwaggo ta harari Baba Sale, ta tattare zani ta durƙusa. Ta kai fuska kusa har hancinta ya kusa taɓa fentin. Leɓenta ya fara motsi ba sauti. Sai ya tsaya. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta sunkuyar da kai.

Na ga malamar ta runtse ido. Wata mai goyo a cikin matan ta juya za ta tafi. Baba Sale ya gyara murya.

"To, Tabawa, an zo wurin, ko?"

Ba ta ɗago ba. Daga cikin mayafi ta ce, "Na biyun Kiru ne."

"Na farkon fa?"

"Kai dai Sale ba ka da kunya, tun kana yaro. A gaban mutane kake so in kama sunan Malam?"

Sai mai unguwa ya waiwayo ya dube ni. "Mai Fenti, yaya sunanka na yanka?"

Na ce, "Isiyaku, ranka ya daɗe."

Baba Sale ya sauke sandarsa. Duk garin ba wanda bai san mijin Gwaggo, marigayi Malam Isiyaku ba, shi Baba Sale da hannunsa ya sa shi a kabari. Ya ce, "Allah ya jiƙan Malam," a hankali, maza suka amsa da amin. Sannan guɗa ta ɓarke, ta gaske wannan karon, har injin da aka tayar ba a jin ƙararsa. Mai unguwa ya ce wa malamar ta sa a ƙaro tabarmi a zaure, don ya ga alamar waɗanda ke akwai ba za su isa ba. An ce min matar Baba Sale na cikin waɗanda suka fara zuwa.

Da zan hau acaɓa Gwaggo ta aiko min da kwalbar man gyaɗa, ta leƙo daga rumfa ta ce, "Mai sunan Malam, a gaida gida." Har ta bar duniya haka take kirana.

Ajin yana nan har yau. Allon ma yana nan, ya koɗe amma bai ɓare ba. Ga wutarku nan an kawo, na ji injin ya yi tari. Ku tashi ku kama aiki, mai kemis ɗin jiya zai dawo, ku tambaye shi wa zai karanta allon kafin ku zaɓa masa rubutu. Ni dai alluna na yi su ba adadi, daga Bebeji har Doguwa, kowanne da sunana a ƙasa. Mutum ɗaya na tabbata ta karanta shi, ita ma ba ta faɗa ba.